Tafiya waje da salula: yadda za ku yi waya ba tare da kiredi ya ƙone ba

Daga Talladjé da unguwannin kewaye, kullum ana tafiya. Wasu na shiga kar zuwa Lome ko Wagadugu sarin kaya, wasu na nufar Kano da Sakkwato, maniyyata kuma na tashi daga filin jirgin Diori Hamani da ke nan kusa da mu. Kukan da muke yawan ji iri ɗaya ne: mutum ya zuba kiredi mai yawa a Yamai, kwana ɗaya da ƙetare iyaka ya tarar babu ko dala. Ga abin da ya kamata a sani kafin a ɗauki jaka.

Me ke cinye kuɗin?

Layinku na Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms, da zarar ya bar ƙasa, rezon wani kamfani yake hawa, abin da ake kira romin. Farashinsa daban ne, kuma forfen da kuka saya a gida galibi ba ya aiki can. A ƙasashe da yawa ko kiranku aka yi kuka ɗauka, ana cire muku kuɗi. Amma babban ɓarawon shi ne intanet, domin waya na cin intanet ko tana cikin aljihu. Saboda haka ku kashe intanet na romin a saitin waya tun kafin iyaka. A garuruwa irin su Birnin Ƙonni da Gaya, waya kan kama rezon maƙwabta alhali kuna cikin Nijar.

Mali da Burkina Faso

Nan akwai sauƙi. A watan Nuwamba 2024, hukumomin sadarwa na ƙasashen AES uku sun sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar cire kuɗin romin tsakaninsu: amsa kira kyauta ne, kiran da kuka yi kuma a farashin ƙasar da kuke ciki. An yi tsarin ne don ɗan gajeren zama, don haka ku je ofishin kamfaninku ku tabbatar layinku a buɗe yake. CEDEAO ma tana da irin wannan doka tun 2017, sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, kada mai zuwa Gana ko Togo ya dogara da ita bai tambaya ba.

Sayen layi a can

In za ku wuce kwana biyu ko uku, mafi araha shi ne ku sayi pis ɗin ƙasar, ku sa forfen intanet. A Najeriya akwai MTN, Airtel da Glo, kuma tun Disamba 2020 ana haɗa layi da lambar NIN; baƙo ya je babban ofishin kamfani da fasfonsa. A Saudiyya akwai STC, Mobily da Zain, ana neman fasfo da zanen yatsa. Muna jan kunne: kada ku sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani a bakin tasha. Ana iya rufe shi kowane lokaci, kuma in an taɓa aikata laifi da shi, a hannunku za a same shi.

Kada ku yar da layin gida

Yawancin wayoyin Tecno da Itel na ɗaukar pis biyu. Ku bar na Nijar a ciki don saƙonni, ku ɗora intanet a kan sabon. WhatsApp ɗinku zai ci gaba da lambar +227 muddin ba ku canza ta ba. In waya ta ɓata kuka sake sa shi, ta wannan lambar ce kod zai zo, haka ma manhajojin aika kuɗi irin na Nita da Amana. Masu dogon zama su tuna cewa layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani.

Kafin ku tashi

Ku ajiye lambobin ƴan uwa da +227 a gaba. Lambar Najeriya +234 ce, Togo +228, Benin +229, Saudiyya +966. Tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin Benin sun koma 10, ana ƙara 01 a farko, sai a gyara na abokan ciniki na Kwatano.

Wayar da aka turo muku daga Turai, ku gwada ta da pis ɗin wani kamfani, don wasu a kulle suke. Mai babbar waya ya danna *#06#: in ya ga lambar EID, wayarsa na ɗaukar eSIM, yana iya sayen intanet tun yana gida, amma sai da katin banki.

Masu zuwa Dubai su sani an toshe kiran WhatsApp a can, saƙon murya dai yana tafiya. Dattawanmu masu zuwa Hajji kuwa, ƴaƴa su rubuta musu lambar gida da ta jagoransu a takarda, su sa a jakar wuya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.