Fanshon Da Ya Tsaya A Paraku

A shekarar 2023, lokacin da ma'aikatan Faransa suka cika tituna saboda gwamnatin Macron ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, mutanen garinmu Malanville sun bi labarin a rediyo kamar tatsuniya. Ni kuwa sai ya tuna mini cewa ƙasar nan ma tana da nata tarihin gwagwarmayar fansho, kuma tarihin ya biyo hanyar da kayan kasuwarmu suke biyowa ne daga Kwatano.

Turawan Faransa sun shimfiɗa layin dogo daga Kwatano, ya iso Paraku a shekarun 1930. Sunansa Benin-Nijar, domin an so ya kai bakin kogin Kwara. Bai kai ba. Ya tsaya a nan bayan kilomita 438, sauran tafiyar sama da kilomita 300 zuwa Malanville da Gaya sai manyan motoci.

Ma'aikatan wannan layi suna cikin waɗanda suka ajiye aiki ranar 10 ga Oktoba 1947, tare da 'yan'uwansu na layukan Dakar, Konakiri da Abijan. Kimanin mutum 20,000 ne, jagoransu Ibrahima Sarr. A wancan zamani ma'aikatan reluwe hawa-hawa ne. Bature yana da gida da alawus da fansho. Mafi yawan baƙar fata kuwa ana lissafa su a matsayin 'yan wucin gadi, ko da mutum ya yi furfura a bakin aiki. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare sai a sallame shi hannu rabbana. Abin da suka nema shi ne tsari guda ga kowa. Sun jure fiye da wata biyar babu albashi, danginsu na ƙauye da 'yan kasuwa suna tallafa musu da hatsi da bashi, har zuwa 19 ga Maris 1948. Ba su samu duk abin da suka nema ba, amma an kafa tsari gudan, an kuma shigar da 'yan wucin gadi masu yawa cikinsa.

Wannan ya buɗe ƙofa. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 aka yi yajin gama-gari a Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, a watan Disamba Faransa ta kafa dokar ƙwadago ta ƙasashen rainonta. A 1959 Dahome da Nijar suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa, wadda daga baya aka sani da OCBN, mai kula da jirgin da kuma jigilar kaya zuwa Nijar ta gadarmu.

Darasi na biyu ya zo a 1989. Bankunan gwamnati sun durƙushe, albashi ya maƙale wata da watanni, malaman makaranta da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati suka shiga yaji. Ma'aikaci ya gane cewa alkawarin da ke kan takarda ba ya cika tukunya idan baitulmali ya bushe. Yajin nan ne ya tilasta wa Mathieu Kérékou yin watsi da aƙidar Markisanci a Disamba, ya kuma kira taron ƙasa na Fabrairu 1990 da Isidore de Souza ya shugabanta. Sai ga shi a 2018, zamanin Patrice Talon, an yi dokar da ta taƙaita yajin aiki zuwa kwana goma a shekara, ta kuma hana wasu sassa kamar asibitoci yinsa gaba ɗaya. Makamin da aka samo fansho da shi an dakushe shi.

Sai dai a ganina babban giɓin yana wani wurin. Duk nasarorin nan na mai albashi ne. A Benin kusan tara cikin goma na masu neman abinci ba su da takardar ɗaukar aiki. Ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa, yaron mota, manomin shinkafa a fadama, mai kwale-kwale, uwar da ke tallan kifi, babu mai yanka musu ranar ritaya. Fanshonsu 'ya'ya ne da adashi da 'yar tunkiya. An ga raunin haka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023: aka toshe gada, motoci suka yi jerin gwano, tsofaffin 'yan dako suka wayi gari ba aiki ba ajiya. Gwamnati ta sa tanadin tsufa na masu sana'ar hannu cikin shirinta na ARCH, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ma'aikatan 1947 sun yi nasara ne domin suna da ƙungiya, kuma sun san kaya ba ya motsi sai da su. Direbobi da 'yan dakon Malanville suna riƙe da rabin hanyar da jirgi ya kasa ƙarasawa. Ƙungiyoyinsu sun iya karɓar kuɗin tasha kullum. Ya kamata su fara ware wani abu daga ciki, a rubuce, da sunan kowane mamba, domin ranar da kafaɗa za ta ƙi ɗaukar buhu.