Sakamakon Koyo: Yadda Ake Rubuta Shi Da Auna Shi A Manyan Makarantu

A fagen tsara manhaja, sakamakon koyo shi ne bayanin abin da ɗalibi zai iya aikatawa bayan kammala wani darasi. Ya sha bamban da makin jarrabawa, haka kuma ya bambanta da jerin batutuwan da malami zai koyar. Jerin batutuwa yana faɗin aikin malami, shi kuwa sakamakon koyo alkawari ne kan abin da za a gani a hannun ɗalibi.

Batun ya shafi Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum a Jihar Yobe kai tsaye, domin aikinta shi ne horar da malaman fasaha da sana'o'i. Shaidar NCE da take bayarwa ita ce mafi ƙarancin takardar da manufar ilimi ta ƙasa ta amince a yi koyarwa da ita. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke gindaya ƙa'idojin manhajar irin waɗannan kwalejoji, tana kuma tantance kwasa-kwasansu.

A ɓangaren jami'o'i, hukumar NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS a watan Disamba na 2022, wanda ya ƙunshi fannoni 17. Hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100, kowace jami'a kuma ta tsara kashi 30 gwargwadon buƙatun yankinta. A cikin tsarin, ana jera sakamakon koyo a ƙarƙashin kowane kwas.

Yadda ake rubutawa

Mafi yawan masu tsara manhaja suna dogara ne da rabe-raben da masanin ilimi na Amurka, Benjamin Bloom, da abokan aikinsa suka wallafa a 1956. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka sabunta shi zuwa matakai shida: tunawa, fahimta, aiwatarwa, fayyacewa, yanke hukunci da ƙirƙira.

Ƙa'idar ita ce a gina kowane sakamako a kan aiki guda da ido zai iya gani. Idan aka rubuta cewa ɗalibi zai san injin mota, babu ma'aunin da zai tabbatar da hakan. Amma idan aka ce zai gano dalilin da ya hana injin dizal tashi, ya gyara shi cikin lokacin da aka ɗiba, to an fayyace aikin da sharaɗinsa. A gari irin Potiskum, wanda ya yi suna wajen sufurin manyan motoci, kowane mai gareji zai iya bambance waɗannan biyun.

Yadda ake aunawa

A 1996 masanin ilimi John Biggs ya bayyana wajibcin daidaita abubuwa uku: sakamakon da aka rubuta, hanyar koyarwa da jarrabawa. Hujjarsa ita ce ɗalibai suna karatu ne bisa abin da suke tsammanin za a tambaye su. Idan manhaja ta yi alkawarin walda ko haɗa wayar lantarki, amma jarrabawa ta tsaya kan lissafo sunayen kayan aiki a takarda, hadda ɗalibi zai yi, kuma ya ci.

Don haka kowane sakamako yana buƙatar gwajin da ya dace da shi. Tunawa ana auna ta da tambayoyi a rubuce, aiwatarwa a ɗakin gwaji ko wurin aikin hannu, iya koyarwa kuwa a gaban aji lokacin koyarwar gwaji. Shirin SIWES, wanda Asusun ITF ya fara a 1973, yana tura ɗalibai masana'antu domin irin wannan gogewa. Ana kuma son malami ya raba wa ɗalibai ma'aunin bayar da maki tun farkon zango.

Illar rashin daidaito ba ta tsayawa kan ɗalibi ɗaya. Wanda ya karɓi shaidar NCE ba tare da ya taɓa gyara inji ba, shi ne zai tsaya gobe a gaban yaran ƙaramar sakandare yana koya musu fasaha daga allo.