Ƙwayar mura da masu ciwon sukari: daga Paris zuwa kasuwar Madawa

Da hunturu ya sauko Adar, ƙura ta lulluɓe Madawa, Buza da Keita, sai atishawa da ƙaiƙayi su cika gidaje da azuzuwa. A lokacin ne kasuwar Polaramine da Phénergan ke buɗewa, a farmasi da kuma teburin mai tallar magani. Mutum zai sha su shekara da shekaru bai san daga ina suka fito ba.

Asalinsu Faransa. A 1937 Daniel Bovet da Anne-Marie Staub, a cibiyar Pasteur ta Paris, suka samo sinadarin farko mai toshe aikin histamin, abin da jiki ke saki ya jawo kumburi da ƙaiƙayi. A 1942 aka fara ba mutane irinsa, Antergan, daga baya Phénergan ya biyo. Bovet ya karɓi kyautar Nobel a 1957.

Maganar ciwon sukari ta shigo ne ta ido. Ciwon idan ya daɗe yana sa ƙananan jijiyoyin bayan ido su riƙa yoyo, kuma masu bincike a Amurka sun ga hannun histamin a wannan yoyon a jikin ɓeraye. A 1995 Thomas Gardner da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani ɗan gwaji a kan mutane kaɗan: waɗanda aka ba astemizole tare da ranitidine, yoyon ya ragu. An yi murna, amma ba ta je ko'ina ba. A 1999 aka janye astemizole daga kasuwa saboda yana birkita bugun zuciya, kuma har yau likitan ido ba ya rubuta ƙwayar mura don kare ganin mai sukari.

Ni abin da ya fi damuna na gida ne. Célestamine, wadda ake saye don ƙaiƙayi, haɗi ce da betamethasone, dangin kwatizon, mai hawar da sukarin jini. Cyproheptadine kuwa, da aka yi don borin jini, ta koma maganin ƙiba saboda tana buɗe ciki. 'Yan mata na haɗa ta da "deksa" gab da aure, ciki har da ɗalibanmu, wasu iyayen ma da saninsu. Tsofaffin ƙwayoyin suna sa gyangyaɗi, ta yadda dattijon da sukarinsa ya faɗi za a ɗauka barcin magani ne. Suna kuma riƙe fitsari, ga shi ciwon kan raunana mafitsara tun farko. Ko cetirizine, da ba ta cika sa barci ba, ta ƙoda take fita, don haka ana rage yawanta ga wanda ƙodarsa ta taɓu.

Ƙaiƙayin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikin mai sukari yana iya zama daga ƙodar ne. Wannan na bukatar gwajin jini a likita, a Madawa ko Galmi, kafin a miƙa wa mai tebur ko dala.