Ta'aliki a kan takardar rabon gado, da sunan da babu a cikinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, warƙar nan da muka juya daga ajami zuwa boko takardar rabon gadon kakana ce. Na same ta a gafakar mahaifina, tsakanin ganyayen Risala. Tabon da ke gefenta na ruwa ne, ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta ci tsohon garin Maraɗi har aka tashi mutane zuwa kan tudu, inda daga baya unguwarmu Zariya ta tsiro.

In ka tambayi mutumin Maraɗi asalinsa, sai ya ce Katsina, ya ambaci Ɗan Kasawa da faɗuwar birnin a hannun masu jihadi a 1807. Na Tibiri ya ce Gobir, ya kawo yaƙin Gawakuke na 1836. Ba na ƙaryata kowa. Amma baki maza yake riƙewa, ya zubar da mata. Alƙali kuwa ba shi da ikon zubar da su, domin mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi, dole a rubuta sunan kowace. A layi na huɗu na fara sanin cewa mahaifiyar kakana Bagobira ce daga Tibiri, abin da ban taɓa ji a gidanmu ba.

Sai dai a kula. Takardar gado magada take ƙirgawa, ba dangi ba. Ɗan'uwa ba ya gado in mamaci ya bar ɗa namiji, wannan shi ne hajabu. Bawa ba ya gado. Wanda ya saɓa da mamaci a addini ba ya gado, kuma a ƙauyukan Gulbi na wancan zamani ana samun gida ɗaya, wani yana salla, wani yana kan al'adar Azna. Duk waɗannan jini ne, amma ba za ka gan su a jerin ba.

Wannan ya kusa sa mu ci haram. Da ƴaƴan ƙanena suka so yi wa gonarmu ta Jiratawa rajista a hukumar filaye, bisa dokar karkara ta 1993, sai wani dattijo ya zo ya ce kakansa da kakana uwa ɗaya uba ɗaya ne, kuma yankin gabas nasu ne, aro aka yi. Yaran suka ɗauko takarda, suka ce: “Baba, duba, babu sunan kakansa.” Ni ma da farko hakan na gani. Sai da na sauka ƙasa, wurin iyakoki, inda tawada ta dusashe, na karanta cewa gonar ta yi iyaka ta gabas da gonar shaƙiƙin mamaci. Ga sunan nan, shi ne wanda dattijon ya faɗa. Mahaifina ne ya shamakance shi daga gado, shi ya sa bai shiga jerin magada ba.

Malaman Malikiyya sun karɓi shaidar ji a babin nasaba, saboda haka muka nemo tsofaffi biyu na Jiratawa, suka ce tun suna yara haka suka ji ana faɗa. Aka auna yankin gabas, aka rubuta shi da sunan jikan.