Kuɗin Rigakafin Cututtukan Dabbobi a Makiyayun da ke Nesa: Nazari a kan Kuyello da Dajin Birnin Gwari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda gwamnati ke ware kuɗi don kare dabbobi da amfanin gona daga cututtuka da ƙwari a yankunan kiwo masu wuyar shiga, tare da ɗaukar Kuyello a Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari a matsayin misali. An dogara da tarihin yaƙi da cututtukan dabbobi a Arewacin Nijeriya da kuma manufofin gwamnati na baya-bayan nan. Maƙalar ta nuna cewa kasafi yana bin rahoto ne, kuma wurin da ma'aikaci ba ya iya zuwa ba ya aika rahoto, saboda haka yake faɗuwa daga lissafi. Ta ba da shawarar a karkata kuɗi daga sayen allura kawai zuwa ga isar da ita da kuma sa ido.

Muhimman kalmomi: Kuyello, rigakafi, ciwon huhu, sammore, kasafin kuɗi.

1.0 Gabatarwa

Kuyello tana gabashin Birnin Gwari, ɓangaren da ke fuskantar Giwa da kudancin Jihar Katsina. Ƙasa ce ta noman masara da dawa, kuma tana cikin shimfiɗar dazukan da suka haɗa da Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 ya kuma zama gandun daji na ƙasa a 1999, da Kuyambana da ya ratsa cikin Zamfara. Ciyawa da ruwan wannan daji suka jawo makiyaya, duhuwarsa kuma ta ba ɓarayin shanu da 'yan bindiga mafaka fiye da shekara goma. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe kasuwannin mako-mako a yankin, ta kuma sa aka katse layukan waya. Sai a Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga.

An yi ta rubutu kan tsaro da tattalin arzikin wannan sulhu. Abin da ya dame mu a nan shi ne lafiyar dabbobin da suka fito daga daji suka shigo kara, da kuma tambayar wane ne ya kamata ya biya kuɗin kare su.

2.0 Abin da tarihi ya nuna

Jihar Kaduna ba ta rasa cibiyoyi ba. A Zariya aka fara aikin likitancin dabbobi na Arewa kafin a mayar da ɗakin bincike zuwa Vom a 1924, inda har yau ake haɗa alluran rigakafi na ƙasa. A garin Kaduna hedikwatar cibiyar binciken cutar sammore take, a Shika akwai cibiyar binciken kiwo, a Samaru kuma ta aikin gona. Shirin Anchau na shekarun 1930 da 1940, wanda ya sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando masu yaɗa sammore har aka kafa garin Takalafiya, shi ma a ƙasar Zazzau aka yi shi.

A zamanin En'e akwai wata alaƙa tsakanin makiyayi da hukuma da ake yawan mantawa da ita, wato jangali. Haraji ne mai nauyi, kuma Fulani sun sha ɓoye shanu don guje masa. Duk da haka ya sa hukuma ta damu da yawan shanu da lafiyarsu, domin saniyar da ta mutu kuɗin baitulmali ne ya ragu. Da aka soke jangali a shekarun 1970 makiyayi ya huta da biya, amma hukuma ma ta daina ƙirga shi. Ba kira muke yi a dawo da jangali ba. Muna nuni ne da cewa ba a kafa wata hanyar ƙidaya da ta maye gurbinsa ba.

Darasi mafi girma yana cikin tarihin cutar shanu ta bushiya. Gangamin haɗin gwiwa da aka fara a 1962 a ƙasashen tafkin Chadi ya yi wa miliyoyin shanu allura, cutar ta lafa, kuɗin masu tallafi ya ƙare, gwamnatoci suka sassauta. A farkon shekarun 1980 ta dawo, kuma a 1983 ta yi wa garkunan Arewacin Nijeriya mummunar ɓarna. Ta ɓuya ne a garkunan da gangamin bai kai gare su ba. Da aka sake ɗaura ɗamara daga 1986, abubuwa biyu suka kawo nasara a wuraren da yaƙi ya hana likitoci shiga, irin su Kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha: allurar da ke jure zafi na makonni ba tare da firji ba, da horar da makiyaya su yi wa dabbobinsu da kansu. A 2011 aka ayyana kawar da bushiya daga duniya.

3.0 Cututtukan da kuɗin ya kamata ya tunkara

Ba duk cuta ce ke cin kuɗi iri ɗaya ba, kuma a nan kasafi na bai-ɗaya yake tuntuɓe. Ciwon huhu na shanu yana yaɗuwa ta numfashi idan garke ya cakuɗa da garke. Allurarsa ba ta ba da kariya mai daɗewa, sai an maimaita kowace shekara, tana buƙatar sanyi tun daga Vom har zuwa ruga, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa dole a yi amfani da ita cikin ɗan lokaci kaɗan. Mafi muni, saniyar da ta warke da maganin kasuwa tana iya ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar a huhunta. Irin wannan saniya ce ake kaiwa kara tana sheƙi, ta bar cuta a garken wanda ya saye ta.

Annobar awaki da tumaki mai haddasa zawo da majina ta fi sauƙin tunkara. Allurarta, wadda aka samo daga ƙwayar da aka gano a Nijeriya a 1975, tana ba da kariya ta aƙalla shekara uku, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da cutar. Awaki da tumaki su ne dukiyar mata, su ne kuma abin da gidan da aka sace wa shanu ke farawa da shi.

Sammore ba ta da allurar rigakafi. Makiyayi yana sayen Berenil ko Samorin a kasuwa, ya auna da ido, wani lokaci jabu ne, kuma haka ƙwayar cutar ke sabawa da maganin. Kuɗin da ya dace da ita na tarkon tsando ne, da feshin jikin dabbobi, da binciken ingancin magunguna. Harbin daji da ciwon saifa suna da allura mai araha. Ɓullar ciwon saifa kusa da Suleja a Yulin 2023 ta tuna wa hukumomi cewa yana kama mutane ma.

4.0 Inda kuɗin ke tsayawa

A kan takarda akwai hanyoyin kuɗi da dama: Shirin Sauya Fasalin Kiwo na Ƙasa na 2019, da shirin tallafa wa kiwo na L-PRES da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 500 a 2022, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024, ga kuma kasafin jiha. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka yi alkawari a Maputo a 2003 za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinsu ga noma. Matsalar tana ga abin da kuɗin ke saya.

Sayen allura da gina asibitin dabbobi suna da rasit, suna da hoto, suna da ranar ƙaddamarwa. Man babur, da ƙanƙarar akwatin sanyi, da alawus ɗin ma'aikacin da zai kwana a ƙauye, suna cikin kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara yankewa idan aljihun gwamnati ya yi ƙasa. Kwalbar allurar da ta yi zafi a hanya ta zama ruwa, amma a takarda an riga an ƙirga ta cikin waɗanda aka yi. Ga kuma batun lokaci: an fi samun garkuna a wuri ɗaya bayan girbi, lokacin da suke cin karan gona, kafin rani ya tarwatsa su. Kuɗin da aka saki bayan wannan lokaci ya makara.

A kan amfanin gona ma haka abin yake. Da ƙwarin tumatir suka cinye gonaki a 2016 gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, kuma da cuta ta lalata citta a kudancin jihar a 2023 Gwamnatin Tarayya ta kawo ɗauki. Duka biyun sun faru ne inda manoma ke da ƙungiyoyi, 'yan jarida kuma ke iya zuwa. Tsutsar masara da ta shigo Nijeriya a 2016 ba ta tsallake gonakin gabashin Birnin Gwari don rashin tsaro ba. Malamin gona ne ya kasa zuwa ya gani. Haka da'irar take: babu ma'aikaci, babu rahoto, babu rahoto, babu cuta a takarda, babu cuta a takarda, babu kuɗi.

Akwai masu cewa yi wa shanun daji allura kyauta tallafi ne ga ɓarayi, tunda wasu shanun na sata ne. Hujja ce mai nauyi ga wanda aka kore wa garke. Sai dai ciwon huhu ba ya tambayar mai saniya, kuma motocin da ke lodi a Birnin Gwari suna sauke kaya a Kaduna da Legas. Allurar da aka haɗa da sa alama a kunne da rubuta sunan mai dabba tana ma iya taimakawa wajen gano na sata.

5.0 Kammalawa

Abin da Kuyello ke buƙata ba shi da tsada idan aka kwatanta da ginin asibiti guda: firji mai aiki da hasken rana a garin, da layi na musamman a kasafin jiha don isar da allura wanda za a saki kafin girbi, da ma'aikacin lafiyar dabbobi a ƙofar kara duk ranar kasuwa. Sama da duka, a horar da 'ya'yan makiyaya da na manoma da arɗaɗɗai da dagatai suka amince da su, su yi allura a ƙarƙashin likita mai rajista, su aika rahoto ta waya, a kuma biya su kan rahoton ko da sun ce ba su ga cuta ba. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta riƙa neman a nuna mata yawan dabbobin da aka yi wa allura a kowace mazaɓa kafin ta amince da kasafin ma'aikatar da ke kula da kiwo na shekara mai zuwa.