Rijiyar gari biyu: yadda Estoniya da Finlan suka riƙe hanyar bayanai ɗaya

Duk uban da ya taɓa ɗauko yaronsa daga wata makaranta a Katsina ko Daura ya kawo shi lakkol a Maraɗi ko Magarya ya san wahalar takardu. Darekta zai tambayi takardar haihuwa da sakamakon ajin da yaro ya baro, a yi ta juya takardar da aka rubuta da Ingilishi, babu wanda za a tambaya ko ta gaskiya ce. Daga ƙarshe sai uba ya sake hawa mota ya koma neman hatimi. Yau ina so in kawo tarihin ƙasashe biyu na arewacin Turai da suka yi fama da irin wannan matsala, da yadda suka shimfiɗa hanya ɗaya ta intanet wadda ofisoshinsu ke tambayar juna a kanta. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin shi ne yadda suka shirya riƙon hanyar bayan an gama gina ta.

Estoniya ƙaramar ƙasa ce, mutanenta kimanin miliyan 1.3. Ta sake samun ƴancin kanta a watan Agusta na 1991, lokacin da Tarayyar Sobiyet ke wargajewa. Ba ta da fetur, ba ta da kuɗin gina ofis a kowane ƙauye, ga ma'aikata kaɗan. Shugabanninta suka ga cewa in ana son hukuma ta isa ga kowa, to sai ta bi ta kwamfuta. Abin da ya kamata malamai su lura da shi, daga makaranta aka fara. A 1996 shugaban ƙasa Lennart Meri ya ƙaddamar da wani shiri da suka kira Tsallen Damisa a harshensu, na kai kwamfuta da intanet makarantu tare da horar da malamai. Yaran da suka zauna a waɗancan azuzuwa suna cikin waɗanda ke tafiyar da ofisoshin ƙasar yanzu.

Kafin shekarar 2000 kowace ma'aikata ta riga ta gina rumbun bayananta: haraji da nasa, ƴan sanda da nasu, rajistar jama'a da nata, kuma babu mai jin yaren wani. Mafita ɗaya ita ce a tattara kome a babban rumbu guda. Estoniya ba ta bi nan ba, don abin yana da tsada, kuma wanda ya fasa rumbu ɗaya ya kwashe asirin ƙasa duka. Sai aka bar wa kowane ofis littafinsa, aka shimfiɗa hanya a tsakaninsu. A ƙarshen 2001 hanyar ta fara aiki da sunan X-tee, wadda duniya ta fi sani da X-Road.

Ga yadda take aiki a taƙaice. Kowane ofis yana da wata na'ura a bakin ƙofarsa, tamkar mai gadi. In ofishin haraji yana son sanin ko wane yana da rai kuma ina yake zaune, sai ya aika tambaya ta hannun mai gadinsa. Mai gadin zai sa wa saƙon hannu, ya buga masa lokaci, ya kulle shi yadda ba mai karanta shi a hanya, sannan ya rubuta a littafi cewa an yi wannan tambaya. Mai gadin rajistar jama'a zai duba ko mai tambayar yana da izini kafin a ba shi amsa. Bayanin yana tafiya kai tsaye daga ofis zuwa ofis, ba ya kwana a tsakiya. Da aka fito da katin ɗan ƙasa mai ƙwaƙwalwa a 2002, sai kowane mutum ya sami makullin shiga. Daga nan aka kafa ƙa'idar cewa abin da ɗan ƙasa ya faɗa wa hukuma sau ɗaya, kada wani ofis ya sake wahalar da shi a kansa. Kuma mutum yana iya shiga ya ga wace hukuma ce ta leƙa bayanansa.

Jarrabawa ta farko ta zo a ƙarshen Afrilu 2007. Gwamnati ta ɗauke wani mutum-mutumin sojan Sobiyet daga tsakiyar Talin, babban birni, rikici ya tashi, aka yi kusan mako uku ana kai farmaki ta intanet kan shafukan majalisa, ma'aikatu, bankuna da jaridu. Ƙasar ta gane cewa hanyar da kowa ya dogara da ita tana bukatar masu tsaro na dindindin da kasafin kuɗi na kowace shekara, kamar yadda ake yi wa soja da asibiti.

Yanzu mu haye teku. Tsakanin Talin da Helsinki, babban birnin Finlan, kilomita 80 ne na ruwa, kusan nisan Maraɗi zuwa Katsina, jirgin ruwa yana yin sa a awa biyu. Harsunan ƙasashen biyu dangin juna ne. Dubun-dubatar ƴan Estoniya suna aiki a Finlan, wasu iyalinsu na gida su suna ƙetare. Tambayoyin da muka sani su ma sun same su: a ina wannan mutum yake biyan haraji, wa zai ba shi fansho, wannan kamfani yana da rajista da gaske? A ranar 10 ga Disamba 2013 faraministan Estoniya Andrus Ansip da na Finlan Jyrki Katainen suka sa hannu a yarjejeniyar haɗa kai kan X-Road, kuma da katunansu na ƙasa suka sa hannun ta kwamfuta. Finlan ta karɓi manhajar, ta gina tata hanyar cikin gida, wadda ta fara aiki a 2015.

A nan ne tarihin ya zo wurin da ya fi muhimmanci. Ƙasashe biyu suna aiki da manhaja ɗaya, to wa zai gyara ta in ta sami aibi? In Finlan ta canza wani abu don bukatarta, Estoniya ma ta canza nata, bayan ƴan shekaru hanyoyin biyu za su daina gane juna. In kuma aka bar kome a hannun Estoniya, Finlan ta zama mai zaman aro, ranar da aka sami saɓani sai abin da aka ga dama aka yi mata. Sun warware wannan da matakai biyu. Na farko, sun buɗe rubutun manhajar ga duniya, ya zama kowa yana iya dubawa, ya ɗauka, ya yi aiki da shi kyauta, don haka babu kamfani ko gwamnati ɗaya da za ta riƙe makullin. Na biyu, a 2017 suka kafa wata ƙungiya ta haɗin gwiwa mai suna NIIS, mazauninta Talin, wadda ba ta neman riba. Mambobinta ma'aikatun ministocin ƙasashen ne, kowace ƙasa tana zuba kuɗin mamba duk shekara, kuma tare ake yanke shawarar abin da za a gyara da abin da za a ƙara. A 2018 ƙungiyar ta karɓi ragamar kula da manhajar, a 2021 kuma Ayislan ta shigo ta zama mamba ta uku.

A lura da yadda aka raba aiki. Ƙungiyar tana kula da manhaja kawai, ba ta ajiye bayanin kowa. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke tafiyar da tata hanyar, ita ke cewa wane ofis zai shiga, wane ba zai shiga ba. A Fabrairu 2018 aka sada hanyoyin biyu, amma wannan bai buɗe littafin kowa ga kowa ba. Sai da ofisoshin da abin ya shafa, irin su rajistar kamfanoni da rajistar jama'a, suka zauna suka yi tasu yarjejeniya kan abin da za a iya tambaya da dalilin tambayar. Aikin lauyoyi da na ma'aikata ya fi na masu kwamfuta cin lokaci.

Shekarar da aka kafa ƙungiyar ta zo wa Estoniya da jarrabawa ta biyu. Wasu masu bincike a wata jami'a ta ƙasar Cek suka gano rauni a ƙwaƙwalwar da ke cikin katunan ƙasa, wadda wani kamfanin waje ya ƙera. Gwamnati ta fito ta faɗa wa jama'a a watan Satumba 2017, a farkon Nuwamba kuma ta dakatar da makullan katuna kimanin 760,000, fiye da rabin ƴan ƙasa ke nan, har sai an sabunta su. Mutane sun yi layi, sun yi gunaguni, amma ba su juya wa tsarin baya ba, don an gaya musu gaskiya da wuri kuma akwai ma'aikata da kuɗin gyara. A wannan shekarar ce kuma ƙasar ta yi yarjejeniya da Luksambur don ajiye kwafin muhimman rajistocinta a can, saboda gudun ranar da ba a fata.

Mu ma a yankinmu muna da tarihin irin wannan haɗin. Manhajar SYDONIA da duwan ɗinmu ke aiki da ita ta samo asali ne daga roƙon da CEDEAO ta yi wa hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981. Kuɗin da ke yawo tsakanin bankunan ƙasashe takwas na UEMOA yana bi ne ta hanyoyin da BCEAO ke riƙe da su. Nijar da Nijeriya suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta Yamai. Mun kuma ɗanɗani ɗacin abin a 2023, lokacin takunkumi, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya aka tsayar da hada-hadar kuɗi. Ko me mutum yake gani game da siyasar wancan lokaci, majinyaci da ɗan makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa su suka fara jin jiki. Darasin da na ɗauka shi ne, duk wata hanya da za mu haɗa da maƙwabta, ko a cikin AES ko da Nijeriya, a rubuta tun farko waɗanne hidimomi ne ba a taɓa su ko an yi faɗa, kuma kowace ƙasa ta riƙe littafinta a hannunta.

Kowa a karkara ya san famfon da wani furoje ya kafa, aka yi biki aka sha ruwa shekara biyu, ranar da ƙarfe ɗaya ya karye aka koma tafki, saboda ba a kafa kwamiti ba, ba a tara asusu ba, ba a koya wa kowa gyara ba. Rijiyar da gari biyu ke sha ta fi wannan bukatar tsari, don kowa zai jira ɗan'uwansa ya yashe ta. Estoniya da Finlan sun zauna sun rubuta wa zai yashe, wa zai sayi guga, wa zai riƙe asusu.

Don haka idan aka zo mana da sabon tsarin rajistar ɗalibai ko na takardun haihuwa ta kwamfuta, ko a taron iyayen yara ko a taron malamai, akwai tambayoyin da ya kamata mu yi kafin mu tafa. Bayanan ƴaƴanmu a hannun wa za su zauna, kuma wa ke da izinin duba su? In mai ba da tallafi ya tafi, daga wane kasafi za a biya gyara? Ƴan ƙasa nawa aka horar da za su iya buɗe manhajar su gyara ta? Uba zai iya ganin wanda ya leƙa takardar ɗansa? Waɗanda za su amsa waɗannan tambayoyi nan da shekara ashirin suna zaune yanzu a azuzuwanmu, wasu a rumfar zana. Allah ya ba mu ikon shirya su.