Fushin Ƙarshen Kaka: Shin Sakamako Kawai Magoya Baya Ke Bi?

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a tsakanin masu nazarin tattalin arzikin ƙwallon ƙafa, har ya gangaro bakin masu sharhi a rediyo da jaridu. Ra'ayin shi ne, hayaniyar da magoya baya ke tayarwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da kakar wasa ta Turai ke gab da ƙarewa, zafin kaye ne kawai. An ci su sau uku a jere, sun nemi a kori koci. An yi nasara sau biyu, sun manta. A bisa wannan fahimta, babu abin da manazarci zai tsinta a cikin ihun 'yan kallo, kuma kulob mai hankali shi ne wanda ya toshe kunne har ƙura ta lafa. Wannan maƙala na ganin an yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma hujjojin da aka kafa shi a kansu, idan aka bi su a tsanake, wani wuri daban suke nunawa.

Ba sai an daɗe a kan shimfiɗa ba. Rabe-raben 'yan kallo sananne ne (Giulianotti, 2002), haka ma binciken da ya nuna cewa sauya koci a tsakiyar kaka ba ya ƙara wa ƙungiya wani abin kirki idan aka kwatanta ta da takwarorinta da suka shiga irin wannan hali ba su kori kowa ba (ter Weel, 2011, a kan gasar Holan). Inda gardamar take shi ne littafin Simon Kuper da Stefan Szymanski, Soccernomics (2009), domin daga nan ne mafi yawan masu wannan ra'ayi ke ɗebo makamansu. Abubuwa uku ake ɗaukowa daga cikinsa. Marubutan sun nuna cewa albashin da kulob ke biyan 'yan wasa shi ke bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayi a teburin gasar Ingila, idan aka ɗauki matsakaicin shekaru masu yawa. Sun ce mafi yawan masu horarwa tasirinsu bai taka kara ya karya ba, kuma farfaɗowar da ake gani bayan zuwan sabon koci komawa ce kawai ga matsayin da ƙungiya ta saba, tunda ba a korar mutum sai lokacin da abubuwa suka kai maƙura. Sannan sun ce magoya bayan da ke manne wa kulob ɗaya tun yarinta har tsufa ba su kai yawan da ake zato ba. Da yawa suna zuwa ne idan ana cin wasa, su ɓace idan an daina.

Ba ni da ja a kan alƙaluman. Abin da nake tababa a kai shi ne tsallen da ake yi daga "koci ba shi da tasiri sosai" zuwa "fushin magoya baya ba shi da ma'ana". Tsallen zai yiwu ne kawai idan an tabbatar cewa koci da sakamako su ne abin da ake fushi da su. Wannan kuwa ba a tabbatar ba, an ɗauka ne kawai.

A duba abin da ya faru a Ingila a ƙarshen kakar 2020/21. Daren Lahadi 18 ga Afrilu 2021, ƙungiyoyi 12 na Ingila da Sifaniya da Italiya suka sanar da kafa gasar European Super League, wadda waɗanda suka kafa ta za su riƙa shiga kowace shekara ko da sun yi ta ƙarshe a gida. Ranar Talata 20 ga wata, kafin wasan Chelsea da Brighton, magoya bayan Chelsea suka cika titin Stamford Bridge suka tare motar 'yan wasansu, har sai da Petr Čech, tsohon mai tsaron ragar kulob ɗin wanda a lokacin yake cikin jami'ansa, ya fito cikin taro yana roƙon a ba motar hanya. Kwana uku kafin nan Chelsea ta fitar da Manchester City ta kai wasan ƙarshe na kofin FA, tana kuma zagayen kusa da na ƙarshe a Kofin Zakarun Turai, wanda ta ɗauka a watan Mayu. Babu wani kaye da za a jingina wa wannan fushi. Cikin kwana biyu da sanarwar, duka ƙungiyoyin Ingila shida suka janye.

Na Manchester United ya fi fitowa fili. Ranar 29 ga Afrilu ta lallasa Roma da ci 6-2 a gasar Europa, tana kuma ta biyu a teburin Firimiya. Ranar 2 ga Mayu magoya bayanta suka kutsa cikin Old Trafford suka mamaye fili, wasu suka tare otal ɗin da 'yan wasa suke, aka ɗage wasa da Liverpool. Sunan da ke kan kyallayen da suka ɗaga na iyalan Glazer ne, waɗanda suka sayi kulob ɗin a 2005 da kuɗin bashi suka ɗora bashin a kansa. Kuma wannan ba sabon abu ba ne: zanga-zangar gyale mai launin kore da ruwan zinare ta 2010 ta taso ne bayan United ta ɗauki kofin Firimiya sau uku a jere. Idan ra'ayin da muke ƙalubalanta gaskiya ne, bai kamata a ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai a juya lamarin. A Mayun 2016 Newcastle ta faɗa gasa ta biyu. Ranar ƙarshe ta kaka, bayan an riga an tabbatar da faɗuwar, filin St James' Park ya cika, aka doke Tottenham 5-1, 'yan kallo kuma suka shafe wasan suna kiran sunan Rafael Benítez suna roƙon kada ya tafi. Kocin da ƙungiya ta faɗi a hannunsa ake wa wannan karramawa, alhali mai kulob ɗin, Mike Ashley, ya daɗe da zama abin ƙyama a garin. A West Ham, ranar 10 ga Maris 2018, Burnley ta ci 3-0 a London Stadium. Wasu suka faɗa fili, wani ya cire tutar kwana ya kai ta tsakiyar da'ira, kyaftin Mark Noble ya yi kokawa da wani. Amma taron da ya fi yawa bai nufi bencin koci David Moyes ba. Ƙarƙashin rumfar shugabanni suka taru suna yi wa masu kulob ɗin, David Sullivan da David Gold, ihu, waɗanda suka ɗauke kulob ɗin daga Upton Park a 2016 da alkawarin za a hau mataki na gaba. Kayen ya buɗe ƙofa, amma abin da ya shigo ta ƙofar ya shekara biyu yana jira.

A nan ne nake ganin alƙaluman Kuper da Szymanski sun juya wa masu kafa hujja da su baya. Idan albashi ne ke yanke matsayin ƙungiya a tebur, to wa ke yanke albashin? Wa ke sayar da ɗan wasa ya ƙi sayen madadinsa, wa ke ɗora bashi, wa ke ƙara kuɗin tikiti? Mai kulob ne da shugabanninsa. Ke nan ɗan kallon da ya wuce koci ya nufi rumfar shugabanni ya karanta lamarin daidai yadda masanin tattalin arziki ya karanta shi. Wanda ya fi amfana da cewa matsalar ta koci ce shi ne kulob ɗin kansa, domin korar mutum ɗaya ta fi sauƙi a kan sauya yadda ake tafiyar da dukiya. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ba koyaushe 'yan kallo ne ke riƙe da sandar ba. Abin lura ne cewa Tottenham ta sallami kocinta José Mourinho da safiyar 19 ga Afrilu 2021, sa'o'i kaɗan bayan sanarwar Super League, kwana shida kafin wasan ƙarshe na kofin League Cup. Ba na cewa an yi haka ne don a karkatar da hankali, amma korar ba ta rage ko kaɗan daga fushin da ake yi da shugaban kulob ɗin, Daniel Levy, ba.

Hujja ta uku, wato cewa yawancin 'yan kallo masu zuwa ne su tafi, ita ce mafi ƙarfi, kuma ta cancanci amsa. Albert Hirschman (1970) ya nuna cewa wanda bai gamsu da wata ƙungiya ko kamfani ba hanya biyu gare shi: ya fice, ko ya ɗaga murya; biyayya kuma ita ke hana ficewa ta tura mutum ga magana. Idan haka ne, waɗanda ke ɓacewa lokacin da aka daina cin wasa sun riga sun zaɓi hanya ta farko, ba su ne ke tsayawa cikin ruwan sama da kyalle a hannu ba. Masu zanga-zanga su ne ragowar da ba su da inda za su je. Haɗa rukunin biyu a kwando ɗaya, a auna na biyu da halin na farko, kuskure ne na hanyar bincike. Hakan na iya bayyana dalilin da ya sa abin ke yin ƙamari a ƙarshen kaka. A lokacin ne kulob ke sanar da farashin tikitin kaka mai zuwa, a lokacin ne kwantiragi ke ƙarewa, a lokacin ne kuma faɗuwa daga Firimiya, wadda ko ta ƙarshe a cikinta ke samun kusan fam miliyan 100 na kuɗin talabijin da sauran rabo, ke tashi daga barazana ta zama lissafi. Lokacin da ake neman ɗan kallo ya sake biya shi ne lokacin da maganarsa ke da ɗan nauyi.

Sai dai dole a rage faɗin iƙirarin, domin akwai misalan da ba su bi wannan layi ba. Manchester United ta gama kakar 2023/24 a matsayi na takwas, ana ta kiran a kori kocinta Erik ten Hag. Ranar 25 ga Mayu 2024 ta doke City 2-1 a wasan ƙarshe na kofin FA, sai ra'ayi ya juya cikin yini guda, kulob ya tsawaita masa kwantiragi, sannan ya kore shi a ƙarshen Oktoba. Wannan bin sakamako ne tsantsa, kuma shugabannin ma sun bi. A Arsenal kuwa, a Maris 2017 jirage biyu suka ratsa saman filin West Brom, ɗaya da kyallen neman Arsène Wenger ya tafi, ɗaya da na goyon bayansa. A nan koci ne ainihin abin gardama, ko da yake shekara 20 da ya yi ta sa shi da tsarin kulob sun zama kusan abu ɗaya. Don haka abin da hujjoji suka ba da damar faɗa ya fi ƙanƙanta da abin da na so. Ihun cikin fili a minti na 85, da ra'ayin da ake bayyanawa daren da aka sha kashi, suna bin sakamako, a nan masu wancan ra'ayi sun yi daidai. Amma aikin da ke bukatar shiri, wato jerin gwano, buga kyallaye, ƙaurace wa wasa, tare mota, da alama halin kulob yake bi, kuma yana iya tasowa ana tsakiyar cin kofuna. Misalan nan duka daga Ingila suke, kuma zaɓo su aka yi. Ba su kai a kira su ƙididdiga ba.

Ko a gida ma iyakar ta bayyana. Mai goyon bayan Arsenal a gidan kallo a Fagge ko Sabon Gari muryarsa ba ta isa Landan, kuma babu tikitin da zai ƙi saya, don haka fushinsa kan tsaya ne a kan koci da ɗan wasan da ya ɓarar da ƙwallo, da kuma abokin da ke masa tsiya. Batun Kano Pillars ya fi nauyi. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta faɗi daga babbar gasa a 2022, a kakar da aka tashi wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha cikin rikici, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta cire mata maki uku. Gwamnatin jiha ce ke da kulob ɗin, babu wata kafa da aka tanada ta yadda masu cewa "Sai Masu Gida" za su tambayi yadda ake kashe kuɗi ko naɗa shugabanni. Ana iya zaton cewa inda babu irin wannan kafa, fushi kan sauka a kan alƙalin wasa da baƙo. Zato ne, ba uzuri ba ne ga wanda ya jefi mota, kuma yana bukatar wanda zai zauna da ƙungiyoyin magoya baya ya bincika.

A Ingila dai hukuma ba ta ɗauki abin da ya faru a 2021 a matsayin zafin kaye ba. Bitar tsarin tafiyar da ƙwallon ƙafa da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta ta fitar da rahotonta a Nuwamban shekarar, kuma a Yulin 2025 dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta don sa ido kan masu kulob da kuɗaɗensu ta samu amincewa. Jamus ta riga ta bi wata hanyar tun 1998 da ƙa'idar 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob. Ga masu nazari a jami'o'inmu, musamman na sashen nazarin zamantakewa da na wasanni, shawarata ita ce kafin a rubuta cewa 'yan kallo sun fusata don an ci su, a fara tantance wa suka nufa, me suka rubuta a kyallensu, kuma tun yaushe suke faɗarsa.